Hauwa'u da Gardin Sama

Ƙaura Namoda, Laraba.

Zuwa ga uwargidana Naja'atu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya jikin Inna, yaya mutanen Shinkafi? Allah Ya ƙara sauƙi.

Bayan haka, ina sanar da ke, cikin girmamawar da ta dace, cewa yayanki Mudi ya zama masanin taurari. Ya kammala karatun jiya, a cikin sabuwar wayarsa.

Kin san matar ɗansa Jabir ta sauka, an samu ɗiya, kuma Jabir na son a mayar da sunan marigayiya uwarsa, Hauwa'u. Mudi ya ƙi. Wai ya ɗaga wayar sama, ta nuna masa wasu taurari da aka zana mutum riƙe da maciji a kansu, an rubuta "Alhawwa'u" da Larabci, wato gardi mai wasa da maciji. Wai ba za a kira jikarsa gardi ba. Jabir ya ce in ba a sa sunan ba, ba zai zauna wurin raɗin ba.

Na duba littattafaina. Kalmar taurarin daga "hayya" take, wato maciji. Malamai kuwa sun ce Hauwa'u daga rayuwa take. Macijin ma ba mugu ba ne. Yunanawa sun ce wani mai magani ya kashe maciji, sai wani macijin ya zo da ganye a baki ya tashe shi, daga nan mutumin ya koyi warkarwa. Shi ne macijin da kike gani nannaɗe da sanda a jikin motar asibiti.

Gobe zan je Zurmi wurin Mudi in karantar da shi.

Naki,
Malami.

Ƙaura Namoda, Lahadi.

Naja'atu,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Kin samu saƙon maganin?

Na je. Na yi bayanina a zaure tun daga La'asar, har da zane a ƙasa. Mudi ya saurara, ya gyara mini wasali ɗaya, sannan ya ce ya san duk wannan. Da na kai kan ganyen, sai ya tambaye ni inda macijin nan mai magani yake ranar da kububuwa ta sari matarsa a gonar gero, suka yi ta yawo da ita a kan babur ba a samu allura ba.

Ya ce tun ranar bai sake furta sunanta ba. Ba zai iya jin ana ƙwala shi a tsakar gidansa safe da yamma ba.

Matar Jabir ce ta raba gardamar. An raɗa Hauwa'u a kunnen jaririya, liman ya faɗa sau ɗaya, Mudi na sunkuye. A gida Ummi za a riƙa kiranta, kamar yadda ake sakaya sunan uwa. Jabir ya zauna, har ya miƙa wa ubansa jaririyar.

Na ɗauka Larabci ne ya gagari yayanki. Na yi kuskure.

A gaida kowa.

Naki,
Malami.