Garmar da Ta Tone Baƙuwarki

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin rahama. Na san ba za ki karanta wannan ba, ko da kina raye ma sai dai a karanta miki. Amma akwai maganar da dole in gaya miki.

Gida lafiya. Rabi ta haihu, mace, an sa mata sunanki. Rijiyar unguwa ta rufta, yanzu sai ta bakin kasuwa muke zuwa. Gonarki ta hanyar Tarka tana hannuna, kuma a kanta zan yi magana.

Kin tuna ɗan kwarin nan na tsakanin tuddan rairayi, inda ciyawar nan mai farin fure take fitowa bayan ruwan fari? Baƙuwa kike ce mata, don kwana uku take yi ta tafi. In ina sara da sungumi kina bina da iri, da mun iso nan sai ki dunƙule hannu ki wuce. Ina yi miki tsiya wai kina yi wa ciyawa kara. Ba ki taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Daminar da ta biyo rasuwarki na aro garmar shanu. Hauyarmu sama-sama take karta, ba ta kai inda tushen yake kwance. Garma kuwa ta nutsa, ta juyo su waje kamar ƙananan albasa. Na gan su, Inna. Na tsaya na duba, sannan na kora shanun gaba. Rana ta busar da su kafin mako. Geron da na samu a wurin bai cika dami biyu ba.

Watan jiya wata ma'aikaciyar gandun daji ta zo daga Tanout da hoton Baƙuwar a wayarta. Ta ce ta bi ƙauyuka tun daga Falanko tana nema, noma da kiwo sun ci wurarenta, saura kaɗan a daina ganinta a ƙasarmu ta Damargu. A rairayi mai laushi kaɗai take rayuwa, inda ruwa kan ɗan kwanta. An ce mata akwai a gonarmu, tana so a killace wurin da ƙaya.

Na kai ta, ta tarar da karan gero. Ta tambayi abin da ya faru, ga maƙwabta tsaye suna ji. Sai na ce tsohuwata ce ta yi ta tono tana magani har suka ƙare.

Ke da ko iri ba kya zubawa a wurin! Wane irin ɗa ne zai faɗi haka? Malam Habu, da gonarsa ke jikin tamu, ya dube ni ya sunkuyar da kai. Matar ta nemi sunanki, na ba ta, ta rubuta a littafinta.

Bana an yi ruwan fari, na yi ta zuwa kwarin kowace safiya har kwana tara. Ko ɗaya ba ta fito ba. Kunya nake ji, irin wadda ban taɓa ji ba.

Baƙuwar ba zan iya dawo da ita ba. Amma ranar kasuwa zan shiga motar Tanout, in nemi matar nan, in sa ta soke sunanki ta rubuta nawa.

Ki yafe mini. Allah Ya haskaka makwancinki.

Ɗanki da ya yi miki ƙarya,
Salisu