Hamsin da Takwas

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Mun dawo daga Zariya, kaina kamar zai tsage. Ni da yaron da Hajiya Mero, surukata. Malam yana Bakori wajen sayen masara, shi ne ya ce mahaifiyarsa ta zo daga Dayi ta raka mu asibitin.

Makarantar nan ta bayan tasha, ita kaɗai ce a unguwarmu mai ajin yara irinsa, ta ce sai mun kawo sakamakon gwajin ƙwaƙwalwa kafin zangon Janairu. Idan ba su karɓe shi ba, Malam ya riga ya yanke: Hajiya za ta tafi da shi Dayi riƙo, tunda ni ga goyo ga keken ɗinki.

Mai gwajin, Malama Yetunde, Bayerabiya ce amma haifaffiyar Funtuwar nan, Hausa a bakinta har ta fi ni. Ta ce sunan lalurar yaron otizim, wadda a rediyo suke ce wa galahanga. Ta zauna da shi a ƙasa, ta juye masa ƙananan katakai masu launi. Kafin ta gama nuna masa ya jera. Da aka zo tambayoyin baki kuwa, fankar sama ya zuba wa ido.

Sai ta juyo kaina. Yana sa riga da kansa? Yana ci da kansa? In kin kira sunansa yana waiwayowa? Ga Hajiya a gefena, gwiwarta na taɓa tawa. Na sunkuyar da kai. "Ina fa," in ji Hajiya, "komai yi masa ake yi." Na ce haka ne. Duk abin da aka tambaya, haka ne, ko ban sani ba.

A mota Hajiya ta ce wa wata fasinja ta yi dacen suruka mai kunya.

Talata, 8 ga Oktoba

Ko a nan na kasa rubuta sunansa. Ɗan fari ne, ga shi sunan marigayi mahaifin Malam ya ci. Mutanen gida Abba suke ce masa, ni ko wannan ɗin ba na faɗa. A gidanmu na Kafur haka aka tashe mu, ɗan fari ba a kiransa, ba a yabonsa, ba a nuna an san yana wurin. Shekara biyar "kai" nake ce masa.

Laraba, 23 ga Oktoba

Sakamako ya fito. Hamsin da takwas.

Malam har da dariya. "To ai ya haye, Lauratu! Mu a makaranta arba'in ma ci ne." Ya fita ya sayo tsire. Yaron ya tsince albasar ya jera a bakin tabarma, manya gefe, ƙanana gefe. Ni ma na ci, Allah Ya sani na ci da daɗin rai.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Ashe ba cikin ɗari ake lissafin ba. Shugabar makarantar ce ta wayar min da kai, tana magana a hankali kamar mai yi min ta'aziyya. Ɗari ba ita ce ƙarshe ba, ita ce ta yaro tsaka-tsaki. Su daga saba'in suke ɗauka, malama ɗaya gare su, ba za ta iya da wanda sai an ba shi abinci a baki an kai shi bayi ba. Na ce wa ya ce ana ba shi a baki? Ta ce ai ni na faɗa a Zariya.

Ban gaya wa Malam ba sai da ya ci tuwo. Ya tashi ya je yana duba bakin buhunan da ya riga ya ɗinke.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ba ɗinki yau. Ba komai.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na kira Malama Yetunde. Na yi niyyar in yi mata faɗa, sai na ƙare da kuka, abin haushi.

Ta ce in saurara. Wai lamba biyu ce, ba ɗaya ba. Ta farko, hamsin da takwas ɗin, haɗi ce. A jera katakai da gane zane ya yi daidai da sa'o'insa, wani wurin har ya ɗara su. A magana kuwa kusan babu. Da aka gauraya aka raba sai aka samu lambar da ba ta yi kama da shi ta ko'ina ba. Na ce kamar a zuba masara da tsakuwa a mudu ɗaya a ce ga nauyin hatsi. Ta ce to, kusan haka. Ta ce yara masu wannan lalura, a shekarun nan, lambarsu tana iya canjawa sosai, abin da ta gani a wannan ranar ne, a ɗakin da bai sani ba, ba hukuncin rayuwarsa ba ne. Ta rubuta hakan a ƙasan takardar sakamakon, amma makarantu babbar lambar suke kallo.

Ta biyun kuwa, ta yadda yake kula da kansa a gida, daga bakina aka samo ta. Ita ce ta fi faɗuwa. Da ta yi kyau, da ita da kanta za ta roƙi makarantar.

"Maman Abba, da gaske bai iya sa takalmi ba? Na ga ya cire ya jera su a ƙofata."

Na ce ya iya. Ta ce to me ya hana ki faɗa? Na ce Hajiya tana wurin. Ta ce laifinta ne, a garin nan aka haife ta, ya kamata ta san ba a tambayar uwa ɗan farinta a gaban suruka. Gwajin katakan ba a maimaitawa sai an kusa shekara. Nawa tambayoyin za a iya sakewa, in na koma ni kaɗai.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Abin da ban faɗa ba. Yana sa rigarsa, ko da bai-bai. Yana ci da cokali, ba ya son tuwo ya taɓa masa hannu. Da an fara kiran salla zai ɗauko buta ya ajiye a gaban babansa, ba wanda ya koya masa. Zaren ɗinkina shi ke jera min, in na ɗauki ja na mayar wurin kore sai ya zo ya gyara yana huci. In ƙanwarsa Yasmin ta yi kuka yakan toshe kunne ɗaya, ɗaya hannun ya ɗora a bayanta.

Duk na sani. Tsaf na sani. Na zauna a gaban matar nan kamar an ɗinke min baki.

Talata, 12 ga Nuwamba

Malam ya ce ba inda za a koma. "Likita ta auna, ke kuma za ki je ki ce ƙarya kika yi? A ce Hajiya ma ƙarya ta yi?" Na ce Hajiya daga salla sai salla take ganinsa. Ya ce in iya bakina. Ga yankan dawa ya kama, ba shi da lokacin Zariya.

Ba mugu ba ne. Tun ranar tsiren nan bai ƙara kallon yaron sosai ba, kunyar dariyar da ya yi ce take cinsa.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Na je makarantar ni kaɗai, na tsaya a gaban shugabar na zayyana mata komai, har butar. Ban taɓa yabonsa a gaban mutum ba. Ta saurara, ta ce Allah sarki. Gurbin an ba wani yaro tun makon jiya. Wataƙila baɗi.

Baɗi yana Dayi. Injin niƙa yana jikin katangar Hajiya, shi da ko ƙarar babur ba ya jurewa. Wa zai san toshe kunnen nan ba iskanci ba ne?

Laraba, 11 ga Disamba

Na ɗinka masa riguna marasa maɓalli. Na sa cokalinsa a jakar. Na cire. Na mayar.

Lahadi, 22 ga Disamba

Sun tafi da hantsi.

A zaure na tare Hajiya, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce Hajiya yana ci da kansa, a ba shi cokali kawai. Yana sa rigarsa, kada a sa masa. Yana da wayo, wallahi yana da wayo. Ta dube ni sama da ƙasa. "Ikon Allah. Yau kuma ina kunyar ta tafi?" Na ce na bar ta a Zariya, can ta gama min aiki. Malam ya ce, Lauratu!

Yaron ya shiga motar da kansa, ya zauna jikin taga, yana bin tsagewar gilashin da yatsa. Direba ya tayar. Sai na ji na kira shi, da ainihin sunan, da ƙarfi, a gaban matar mai sunan da ɗansa da duk 'yan unguwa. Hajiya ta dafe ƙirji.

Bai waiwayo ba. Ta yaya zai waiwayo, bai taɓa jin sunan a bakina ba.

Na dawo na tarar ya jera min zare kafin ya fita, daga fari zuwa baƙi. Ban taɓa ba, ɗinkin mutane ya jira. Na ce wa Malam ranar Juma'a zan je Dayi, ban ce ko zai bar ni ba. Ba don komai ba, yaron ya manta silifas ɗinsa.

Awaisu. Haka ake rubuta shi ashe, ko wuya babu.