Maganin da Ya Tsallake Doguwa

Baban Gajera,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ya aikin gadar, ya ciwon bayan naka? Mu nan sai godiya. Gajera na gaishe ka, ta ce in faɗa maka haƙorinta na gaba ya fito.

Bayan haka, ni da Yaya mun je asibiti karɓar sakamakon jinin yaran nan, na dawo kaina a ɗaure. Ka tuna sabon maganin da ake ta zancensa a ɗakin jira, wanda aka ce yana tsinka majinar ƙirji? Mu duka mun sa rai a kansa. To likita ta ce za a ba Gajera, amma Doguwa, 'yar Yaya, ba za a ba ta ba.

Ikon Allah! Ciwo ɗaya, tari ɗaya, gumin nan mai gishiri ɗaya, iyayensu mata ciki ɗaya, a ce magani ya ɗauki wannan ya bar waccan?

Likita ta yi bayani. Wai a jikin kowa akwai umarni da ake bi a ƙera wani abu, furotin sunansa, shi ke sa majina ta yi ruwa-ruwa. Yaro yana gadon umarnin nan sau biyu, na uwa da na uba. Da ta ga na saki baki ina kallonta, sai ta tambayi sana'ata, na ce ɗinki. Ta ce to kuskuren da ke cikin nawa umarnin da na Yaya iri ɗaya ne, an sa alamar tsayawa a tsakiyar umarnin, kamar rigar da aka ɗinka wuya aka ajiye. Na mijin Yaya harafi ɗaya ne ya faɗi, jiki kuma uku-uku yake karantawa, sai duk na baya suka goce, can ma babu riga. Naka kuwa an ɗinka har ƙasa, hannu ne ya karkace. Maganin gyara yake yi, ba ya ɗinka sabuwa. Doguwa ba ta da abin da za a gyara.

A gabanta na gane sarai. Muna kaiwa bakin ƙofa abin ya zube. Wai akwai ma kuskuren da ba ya taɓa komai, mutum ya tsufa bai san da shi ba. Me ya hana mu samu irin wannan? Kuma shekara da shekaru Inna na cewa danginku ne suka kawo mana ciwo, yau ga shi karkacewarka ce ta yi mana rana. Ban san ko dariya zan yi ba.

A mota Yaya ta yi mini barka, ta juya tana kallon taga har muka sauka.

Ka kula da kanka, ka rage ɗaukar nauyi.

Taka,
Maman Gajera

Baban Gajera,

Ina gaisuwa, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Saƙonka ya iso, an gode, Allah ya ƙara buɗi.

Maganin yana aiki, har tsoro yake ba ni. Yarinyar nan da nake bi da cokali ina roƙo, yanzu ita ke buɗe tukunya. Ranar nan ina kan keken ɗinki na tsaya cak, na rasa abin da ke damuna, ashe tarinta ne ban ji ba tun safe. Ta bango kuma ina jin na Doguwa, don ka san bangon da ke tsakaninmu da su Yaya bai fi kwali ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Inna ta zo ta zaunar da ni, ta ce ni da Yaya da muka tashi muna raba komai biyu ba ta ga dalilin da ƙwaya za ta gagara rabuwa ba, rabi wa Gajera, rabi wa Doguwa. Na yi ƙoƙarin yi mata bayanin riga da wuya da hannu, na kwaɓa shi, har ni kaina na daina yarda da abin da nake faɗa. Ta ce ita dai ta san magani idan ya shiga ciki ba ya tambayar ɗan wane ne.

Na koma wurin likita. Ta ce ko kwalba guda Doguwa ta shanye ba abin da zai kama, rabi kuma zai mayar da Gajera baya. To idan ta yi kuskure fa? Ita ma ai ba ta taɓa ganin furotin ɗin da idonta ba, ko ta gani? Wallahi sai da na ɗora ƙwayar a kan faranti na ɗauko wuƙa, sannan na mayar.

Yaya ba ta roƙe ni ba, da ma ta roƙa. Ta dai daina shigowa lokacin shan magani.

Don Allah ka faɗa mini abin yi, ni kam na rasa gabas.

Taka,
Maman Gajera

Baban Gajera,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji amsarka, ban raba ba, ba kuma zan raba ba. Inna tana amsa gaisuwata da ƙyar.

Kada hankalinka ya tashi da abin da zan faɗa. Tari ya dawo wa Gajera. Na kwashe ta sai asibiti, ina cewa shi ke nan, gyaran ya warware. Likita ta saurari ƙirjinta gaba da baya, ta sa ta hura a na'ura, ta ce tas yake. Na dawo na ƙara rikicewa, ƙirji tas, tari kuma daga ina?

Sai na sa ido. Ba ta yi da safe, ba ta yi a makaranta, na tambayi malamarsu. Sai Doguwa ta shigo, ta zauna can nesa bakin ƙofa yadda likita ta ce su riƙa yi don kada su shafa wa juna ƙwayar cuta. Da Doguwa ta fara, ita ma sai ta dafe ƙirji ta kama, har da jan numfashi. A gaban Doguwa ba ta gudu, ba ta ƙara abinci.

Na yi niyyar yi mata faɗa. Jiya kuma na aike ta shago, Doguwa ta zo ta tsaya kusa da kekena tana tsince zare. Ta ce mini a hankali wai Gajera ta manta yadda ake tari, daga maƙogwaro take yi, na gaske daga ƙasa yake tasowa. Ta ce amma kada in gaya mata an gane, tana ƙoƙari.

Na ce to. Ban iya ci gaba da ɗinkin ba.

Ka sa su duka biyun a addu'a. Sai ka zo.

Taka,
Maman Gajera