Kwamfutocin da Na Ce Sun Mutu

Litinin, 3 ga Maris

Bara na rubuta rahoto cewa tsofaffin kwamfutoci bakwai da ke sito sun mutu. Yau ɗaya ta tashi. Mai Taifin ce ta tashe ta, matar da shekara ashirin aikinta buga wasiƙun ɗakin karatun nan. Ta kakkaɓe ta da tsohon buroshin haƙori, ta sa mata Linux, manhajar da kowa ke saukewa kyauta, daga filashin da ke rataye da makullan gidanta. Wai a bidiyo ta koya. Ni shekara huɗu na yi a jami'a.

Talata, 4 ga Maris

Shugaba ya tsaya a kanta yana ta jinjina kai. Ni da nake gyara masa firinta duk mako, ko sannu. Ya ce in duk bakwai suka yi aiki ranar 13 da kwamiti zai zo, za a buɗe wa masu karatu ɗakin kwamfuta, ita za ta riƙe. Ɗakin da tun zuwana nake roƙo.

Alhamis, 6 ga Maris

Biyar sun tashi. Tana kirana "Injiniya". Abin haushin, har zuciyarta take faɗa.

Litinin, 10 ga Maris

Duk sun tashi, amma sun ƙi intanet. Kowane shafi cewa yake bai amince ba. Sau uku tana goge manhajar tana sake sawa.

"Injiniya, ko filashin ne ya gaji da gogayya da makullai?"

Na ce, "Wataƙila, Anti."

Na riga na leƙa kusurwar allon: 1 ga Janairu, 2010. Ɗan batirin da ke riƙe wa kwamfuta agogo ya mutu, ita kuma kullum in za ta tashi sai ta zare komai daga bango, kamar mai kashe dutsen guga. Da safe su farka a wata shekarar, shafuka su ƙi su. Ba za ta gani ba. Kalandar bango take dubawa tun kafin in gama firamare.

Ban yi ƙarya ba. Wataƙila na ce.

Talata, 11 ga Maris

Na ba maigidan labari ina dariya. Bai taya ni ba. Ya ce, "To yanzu digirin naki na ɓoye batiri ne?" Ban zuba masa ƙarin abinci ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na sami Mai Taifin ta cire tabarau, ga wani littafi mai bangon kwali a gabanta. Duk matakin da ta bi ta rubuta da hannu, shafi arba'in. Ta rufe shi.

"Gobe zan gaya wa Shugaba gaskiyarki ce. Mai ilimi ya ce abu ya mutu, ya mutu. Ni ce da karambani."

Abin da nake so in ji ke nan tun ranar 3. Na jira daɗin. Har na iso gida bai zo ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Batiri bakwai, sukuddireba ɗaya, minti arba'in kafin kowa ya zo. Na canza su duka, na saita agogon. Don mutuncin ɗakin karatu na yi, kar kwamiti ya raina mu.

Ta kunna ta farko don ta nuna wa Shugaba matsalar, sai shafi ya buɗe. Ta dubi allon, ta dubi ƙurar da ke hannun rigata. Ba ta tambaye ni tun yaushe na sani ba. Gara ta tambaya.

Da kwamiti ya zo, an tafa mata. Na tafa sau biyu.

Litinin, 17 ga Maris

Ta koma sabon ɗakin, har da labule. Ta aiko min da littafin nan, wai in duba mata. Na karɓa ne kawai don in fitar mata da kurakurai.

Ina shafi na talatin da ɗaya. A na sha tara akwai wani abu game da raba faifan kwamfuta da ba a koya mana ba. Gobe zan bi ta ƙofarta, hanya ce ai.