Idon Ruwan da Babu a Taswira

Montsauge, 4 ga Maris

Zuwa ga ƙanena Firmin,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka mai ƙorafi. Bayan haka, kada kanka ya kumbura, ba kewarka ce ta sa na rubuto ba. Aiki ne ya taso.

Daga Janairu za a haɗe Montsauge da garin Bressol, a bar sunansu, namu ya bi ruwa. Saura mu arba'in da uku a ƙauyen. Magajiyar garinmu, Solène, jikar maƙeri, ta same ni a kicin ta ce, "Iya Odile, taswirar gwamnati lambobi kawai ta sani. Ki rubuta mana sunan kowace gona da kowane idon ruwa kafin masu sani su ƙare." Na ce, "Wato ni ce na kusa ƙarewa?" Ta yi dariya, ta cinye mini rabin cuku.

Daga gadar dutse zuwa coci babu inda ban sani ba. Amma saman tudu, kai ka yi kiwon tumakin Baba a can shekara bakwai. Ka aiko mini da abin da ka tuna, in teku ba ta wanke maka kai ba.

Taka,
Odile

Marseille, 15 ga Maris

Yaya Odile,

Na gaishe ki. Gwiwa na nan, ta gode.

Shekara talatin da ɗaya rabona da garin, amma ga abin da ya rage. In kin wuce maƙabarta, gonar farko Wuyan Jaki ce, saboda lanƙwasarta. Sama da ita Fadamar Limami, inda tuffa ba ta taɓa zaƙi ba. Sai Dutsen Kerkeci. Bayansa, ƙarƙashin wani faffaɗan dutse, akwai idon ruwan da ba ya ƙafewa ko a tsananin ranin Agusta, Idon Bazawara.

Kin san ko wace ce bazawarar? Kakarmu Célestine. Ita ta kai ni ina ɗan shekara takwas. Ta ce da aka kawo takardar mutuwar mijinta, kakanmu, a babban yaƙi, can take hawa ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta sauko ta dafa wa yara miya. Ta ce in bar maganar a cikina. Yanzu dai ina ganin ba za ta yi fushi ba.

Ki huta lafiya.
Firmin

Montsauge, 2 ga Afrilu

Firmin, autan Inna,

Ina gaisuwa. Shekara ashirin na kwana ɗaki ɗaya da Kaka, ban taɓa ganin hawayenta ba. Na je gaban dutsen tunawa da mamatan yaƙi da ke dandali, na shafa sunan mijinta da hannu, na daɗe a tsaye.

Maƙwabcina Gaspard ya ɗora ni a tarakta muka hau tudu. Ƙaya ta cinye ko'ina. Mun yi ta zagaye har la'asar ba mu ga idon ruwan ba, ya ce, "Odile, ƙanen nan naki ko mafarki ya yi, ko giyar Marseille ce." Na ce masa ƙanena ba ya ƙarya, rashin zumunci ne kawai ciwonsa. Ka zana mini hanyar dalla-dalla.

Taka,
Odile

Marseille, 9 ga Afrilu

Yaya,

Na gaishe ki. Wannan ba rubutun hannunki ba ne. Kuma tun yaushe kike shafa suna da hannu maimakon ki karanta? Ki faɗa mini gaskiya.

Tunda na nemi gaskiya, ga tawa. Sau uku kika kira ni lokacin jinyar Inna, ina cewa sai an gama sauke jiragen kaya. Na iso ana buga ƙararrawar jana'iza. Ba ki ce mini komai ba, kika zuba mini miya. Wannan shirun ne na kasa dawowa in sake zama a gabansa. Garin bai yi mini laifi ba, ke ma haka.

Ƙanenki,
Firmin

Montsauge, 17 ga Afrilu

Firmin,

Ina amsawa. Solène ce ke rubuta mini, ina faɗa. Idon hagu ya tafi tun bara. Na dama kuwa, likita ya ce wataƙila ya kai ni lokacin sanyi. Ban gaya maka ba don ba na son a zo mini da fuskar ta'aziyya ina raye.

Maganar Inna kuma, ashe wauta ce ta riƙe ka shekara talatin? Na yi shiru ne don in na buɗe baki kuka zan yi, kai kuma tun safe ba ka ci komai ba. Inna ba ta tafi da kai a rai ba. Cewa ta yi, "Ku bar shi, yaron yana aiki."

Ina so in ga ruwan Kaka da sauran idon da ya rage mini. Shi ke nan.

Odile

Ƙari daga Solène: Baba Firmin, ta ce kada in rubuta wannan, amma ta sa Gaspard ya gyara tagar ɗakinka.

Marseille, 22 ga Afrilu

Yaya Odile,

Na gaishe ki. Hanyar ba ta zanuwa a takarda. Zan iso da motar Alhamis, ƙarfe huɗu. Na yi furfura, na ranƙwafa, ko mai ido biyu ba zai gane ni ba. Ki tsaya inda kike, in na sauko ni zan fara magana.

Naki,
Firmin