Kifi Ba Ragon Layya Ba Ne, Alhaji

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Ƙungiyar Ci Gaban Garinmu, da dattawan kwamitinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina yi maka ban gajiyar ranar su, ranar da aka kama kifin kududdufi. Ranka ya daɗe, ni ce Sa'adatu, 'yar Malam Haruna na bakin kududdufi. Na san ba tarbiyyarmu ba ce yarinya ta ɗaga murya a gaban sa'an ubanta, shi ya sa na yi wata guda ina haɗiye maganar nan, ta ƙi haɗiyuwa. A bainar jama'a aka ɓata sunan mahaifina, don haka ba zan kai gyaransa ɗaki in rufe ƙofa ba. Ban rubuta sunanka ba, ban rubuta sunan gari ba. Mutanen Toranke da na Gafasa dai sun san wanda nake nufi.

Na farko. Ranar da na sami gurbin karatu a jami'a, Baba ya ɗauki takardar ya kawo maka majalisa don a sa albarka, kamar yadda ake yi wa ɗan kowa. Ka tambayi abin da zan karanta, ya ce kimiyyar kiwon kifi. Ka yi dariya har da cire hula, ka ce in dai kifi ne a kai ni wurin Sarkin Ruwa, zai koya mini a damina ɗaya ba a sayar da ko kaza ba. Majalisa ta kwashe da dariya. Baba ya naɗe takardarsa ya dawo gida bai gaya wa kowa ba, ni ma a wurin niƙa na ji. Na tafi na yi shekara biyar, ban da watannin yajin aiki. Na shiga ruwa har ƙirji da sanyin safiya, na feɗe kifin da ban san iyakarsa ba, na koyi matse ƙwan tarwaɗa da ƙyanƙyashe shi a baho, na koyi gwada ruwa in faɗi abin da ke cikinsa. Ƙarni ya kama hijabaina har 'yan ɗakinmu suka daina aro. Ban taɓa faɗuwa jarrabawa ko sau ɗaya ba.

Na biyu. Kai ka kafa mana al'adar nan, Allah Ya saka maka da alheri, ta taruwa a filin firamare kashegarin Babbar Sallah, a kira sunan duk ɗan garin da ya gama jami'a, ubansa ya tashi ya tsaya kusa da shi, liman ya yi addu'a. Bara ina cikin waɗanda suka gama. Baba ya kai babbar rigarsa bugu, ya zo tun ba a jera benci ba. Aka kira wanda ya karanta shari'a, aka kira biyu da suka yi malanta, aka kira mai aikin jinya, sai aka shafa fatiha. Sakatarenka ya raɗa maka cewa an tsallake suna ɗaya. Ka amsa masa lasifika tana buɗe, ka ce ba a tsallake kowa ba, taron masu ilimi ne, ba na masunta ba. Daga cikin mata na hango Baba ya tashi yana kakkaɓe riga kamar ba da shi ake ba. Wallahi na yi kuka ranar, kuma ba don kaina ba.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Bayan damina ƙungiya ta yanke shawarar zuba kifi a babban kududdufi don amfanin makarantar Islamiyya. Shawara ce mai kyau. Ina wurin bautar ƙasa a lokacin, lambata tana wayar kowa, ba wanda ya kira ni. Aka kawo 'ya'yan tarwaɗa da na karfasa daga Kano aka zuba, ba a cika wata biyu ba suka fara mutuwa. Gonar Baba ce ta yi iyaka da ruwan, ta nan yake bi in ya taso daga sallar asuba, shi ya sa shi ya fara ganinsu sun taso ciki a sama, saura suna ta buɗe baki a saman ruwa. Ya zo da sauri ya gaya maka, saurin nan kuwa ya zama laifinsa. Kafin la'asar magana ta zaga gari, wai Malam Haruna yana jin haushin abin da aka yi wa 'yarsa, ya zuba wa ruwa maganin feshi. Wasu ma suka ce asiri ne, ni na aiko masa.

Ba ka ce shi ne ba, wannan na yarda. Amma a gabanka aka faɗa, kana jan carbi ba ka tanka ba, sannan ka ce ya daina bi ta bakin ruwa. Mutumin da ya tsufa a sahun farko ya koma yin salla a tsakar gida. Aka ɗaura aure biyu a unguwarmu, ba wanda ya kawo masa goro. Inna ce ta kira ni tana kuka, ta ce ubanki ya daina cin tuwo.

Na huɗu. Na nemi izini na hau mota, na sauka a Gaya, na hau babur zuwa gida. Ranar Juma'a da sassafe na nufi kududdufi, tun kafin in ƙarasa hancina ya ba ni rabin labari, wari irin na ƙullun da aka manta a tukunya. Ruwa ya yi kore shar, kumfa ta taru a gefe. Kwaɗi kuwa sai tsallensu suke lafiya lau, ga ƙwari suna yawo a kan ruwa. Ranka ya daɗe, da maganin feshi ne, da ba kifi kaɗai zai zaɓa ba, kuma da ba kullum da asuba zai riƙa kisa kaɗan-kaɗan ba. Na ɗebi ruwa a kwalba na tsoma 'yar takardar gwaji, launinta ya nuna mini akwai wani abu mai kaifi irin na toka. Na rasa daga ina, sai na shimfiɗa mayafina a gindin darbejiya na zauna kallo.

Kai, na ga ikon Allah! Da hantsi tsohuwar nan ta unguwarmu, Iya Talatu, ta zo da ƙwaryar ƙanzo ta juye, tana bisimilla. Matan gidan liman suka aiko da ragowar tuwo da ruwan gasara. Mai injin niƙa ya kawo rabin buhun dusa. Kowa lada yake nema, tun da kifin Islamiyya ne. Ana saukowa daga Juma'a sai ga sakatarenka niƙi-niƙi da bokiti biyu na jiƙaƙƙiyar kanwa. Na tare shi na ce Malam, wannan fa? Ya ce umarnin Alhaji ne, kowace Juma'a tun ranar da aka zuba kifin, don ta buɗe musu ciki su ci su yi ƙiba.

Ranka ya daɗe, ba mai ja da kai a turke. Ragunanka ake fara tayawa a kasuwar Gaya, kuma da dusa da harawa da kanwa kake kai su nan. Amma rago a kwano yake ci, ya yi kashi a ƙasa a share, ya shaƙi iskar Allah. Shi kifi a ruwan yake ci, a ciki yake kashi, a ciki yake numfashi. Abin da bai cinye ba ya nutse ya ruɓe, ya shanye iskar da ke cikin ruwan, da asuba kuma ta fi ƙaranci. Ita kanwa sai ta mai da ƙazantar nan dafi. Ba maƙiyi a maganar, ba asiri. A aji biyu aka koya mana wannan, a cikin karatun da ka ce ba karatu ba ne.

Na biyar. Na zo gidanka da yamma, aka ce kana hutawa. Sai na tafi wurin liman, shi kuma ya haɗa ni da Sarkin Ruwa. Dattijon nan ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce shi kifin kogi ya sani, wanda yake neman abincinsa da kansa, amma kifin da aka tsare a rami sai wanda ya karanta, 'yar nan faɗi abin da za a yi. Na ce kada a ƙara zuba kanwa. Na ce a ja wani kaso na ruwan da injin ban ruwa a kai gonakin albasa, a mayar da sabo daga rijiyar burtsatse, yana zubowa daga sama yana fantsama don ya ɗauki iska. Sannan na ce a hana kifin abinci kwana uku cur.

Wannan na ƙarshen ne ya tayar da gari. Iya Talatu ta tsare ni a hanya, ta ce ke 'yar nan ba kya tsoron Allah, abu mai rai ki sa shi azumin dole? Kashegari aka kama ta da ƙanzo a ƙarƙashin mayafi, sai da Sarkin Ruwa ya kawo kujerarsa ya zauna gadi da kansa. Ranar farko matattu suka cika kwando, aka fara cewa ai ga shi nan, yarinya za ta ƙarasa su. Na shiga ɗaki na yi ta addu'a, don na san in na faɗi, da Baba zan faɗi. Rana ta biyu rabin kwando. Ta uku ba su kai cikin ƙwarya ba. Rana ta huɗu muka zaga kududdufin nan sau biyu ni da Sarkin Ruwa, ko ɗaya ba mu tsinta ba. Ya dube ni ya ce, to, madalla da boko. Daga nan muka koma awon abincinsu da gwangwani, safe da yamma, a wuri ɗaya, da sun rage ci a tsaya.

Ranar su kana nan, ba sai na ba ka labari ba, amma zan bayar don ina jin daɗin bayarwa. Ƙarti shida suka kasa jan taru sai da aka ƙaro hannu. Tarwaɗa kamar damtsen namiji! Masu banda daga Ajingi da masu suya daga Kademi har rige-rige suke. Iya Talatu ɗin nan ita ta fara rangaɗa guɗa, ta kama hannuna ta ɗaga sama tana cewa ga likitar kifi. Yanzu daga Gafasa ake zuwa gidanmu da ruwa a kwalba in duba. 'Yan mata biyu na sakandare sun zo har ɗakina suna tambayar darussan da za su riƙe don su yi irin karatuna. Na ji daɗi, Alhaji, na ji daɗi ƙwarai, kuma ba zan yi kawaicin ƙarya ba.

Abu ɗaya ya rage mini. Da ka tashi jawabi a bakin ruwa, ka gode wa Allah, ka gode wa kwamiti, ka yaba da matakan da kuka ɗauka. Ba ka ambaci kanwa ba, ba ka ambaci Malam Haruna ba. Yana tsaye can a kan iyakar gonarsa, wurin da ka ce kada ya wuce, ba wanda ya yafito shi. Gaskiya ne goro ya dawo gidanmu, masu gulma suna gaishe shi kai a ƙasa. Amma har yau ba wanda ya buɗe baki ya ce an zalunce shi, shi kuma ya ƙi komawa masallaci sai an faɗa.

Saboda haka ga roƙona. Ka tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ka faɗa da bakinka cewa Malam Haruna bai zuba komai a ruwa ba, dusa da kanwa ne suka kashe kifi. Ba a ce ka yi da gangan ba, kowa ya san alheri ka nufa. Sannan in Sallah ta zo a kira kowa, mai kifi da mai kaji da mai itatuwa. Nawa ya wuce, saboda yaran nan biyu nake magana. A kuma rubuta ƙa'idar ciyarwa a allo a kafa a bakin ruwa, don ba kullum Sarkin Ruwa zai yi gadi ba.

Akwai kuma maganar jiya. Sakatarenka ya tare ni a hanya har sau biyu, ya ce ka gina tankuna biyu na siminti a bayan gidanka ka zuba tarwaɗa, yanzu sun daina ci, gyambo ya fito musu, in zo in duba ta ƙofar baya ba sai kowa ya sani ba. Zan zo, kifin ba su yi mini laifin komai ba. Yadda ya kwatanta ciwon ma yana da magani, sai dai ba ya jiran mako guda. Amma ranka ya daɗe, ni 'yar gida ce, ba na shiga gidan kowa sai da izinin ubana, kuma izini ba a aiko sakatare ya karɓa a kan hanya. Ka zo da ƙafarka, da rana tsaka, ka yi sallama a zauren Malam Haruna, ka ce masa kana neman 'yarsa mai karatun kifi. Na san halinsa, tabarma zai shimfiɗa maka, kuma kafin ka rufe baki zai ce in ɗauko jakata. Tana nan a rataye, na riga na shirya kayan gwajin.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya albarkaci turkenka da iyalinka, Ya yafe mana baki ɗaya. Allah Ya ba ka ikon tako zauren nan tun kifinka suna da rai.

Wassalam.

'Yarka,
Sa'adatu Malam Haruna