Wasiƙar da na goge, amfirimanti ta buga

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. A ɓoye sunana, don Allah, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Malamin lakkol ne ni, Mushe kamar yadda ake kiran malamai a nan, na san daɗin ba da sifili, amma ko ni sai na gama karanta takardar ɗalibi tukuna.

A Gaya ta bakin iyakar Benin nake koyarwa. Ina da amfirimanti a gida, na'urar buga takardu irin mai leza, wadda takarda ke fitowa daga cikinta da ɗumi. Tun da na sayo ta muke gardama da matata a kanta. Ni da na gama aiki nake kashe ta, in zare waya, in lulluɓe ta da tsohon zane, domin tun da sojoji suka karɓi mulki kuran, wato lantarki, ke zuwa ba sallama ya tafi ba sallama, in ya dawo da ƙarfi ya ƙona abin da ya tarar. Ita kuwa cewa take mai gyara ya ce a bar ta a kunne, da kanta take barci, yawan kashewa da kunnawa ne ke tsufar da ita. Na ce mata mai gyara ba ya murna da abu mai lafiya.

Ga laifina. Yayan matata, uwa ɗaya uba ɗaya, shi aka naɗa diraktan lakkol ɗinmu, alhali na riga shi fara aiki. Na yi masa murna a gaban jama'a, har da jawabi, aka tafa mini. Amma wata Asabar da hantsi na zauna na rubuta wasiƙa ba sa hannu zuwa ga hukuma, cewa Dirakta yana ƙetara kogi a kwalekwale zuwa Benin duk da an rufe iyaka, a bincika wa yake gani a can. Na san wa yake gani. Mai sayar da magani ne, maganin ciwon sukari yake sayo wa mahaifiyarsu, surukata, wadda ke aiko mini da kwaɗon zogale duk Juma'a. Wannan ban rubuta ba. Kun dai san a zamanin nan abin da takarda marar suna ke jawo wa mutum. Na danna a buga, kuran ya ɗauke kafin na'urar ta ja takarda. Na zauna cikin zafi ina kallon hannuna. Wai ni ne wannan? Ordinata, wato kwamfutata, na da sauran batir, na goge wasiƙar, na kashe amfirimanti, na lulluɓe ta, na yi istigfari, na ɗauka magana ta mutu.

Ashe umarnin bugawa yana nan cikin ordinata, yana jiran a kunna na'urar. Ran Litinin na dawo daga lakkol na tarar an yaye zanen, ƴar fitilarta kore tana ci, na ɗora hannu na ji ɗumi. Matata ce ta buga katunan gayyatar sunan ɗan ƙanwarta. Na duba jerin abubuwan da ke jiran bugawa, wayam. Wato wasiƙar ta fito. Na leƙa ƙarƙashin tebur, na zazzage kwandon shara, babu.

Na ce, "Madam, takarda nawa suka fito?"

Ta ce, "Iyakar waɗanda aka tura mata, Mushe. Ai ba ta ƙago nata."

"Ba ki ga wata daban ba?"

"Ka ɓatar da wata ne? Faɗa mini abin da ke ciki in taya ka nema."

Na ce darasi ne. Ta ce, "To, Allah ya amfanar da ɗalibai."

Tun ranar miya ba ta canza ba, gaisuwa ba ta ragu ba, kuma wannan ne ma ya hana ni sakewa. Jakarta da take ratayewa a ƙusa ta koma cikin akwati, an datse da kwaɗo. Me ke ciki? Ko kuwa takardar ta haɗe da katunan ne ta tafi gidan surukata, matata ma ba ta lura ba? Sau biyu ta je can ba ta ce in raka ta ba. Shekaranjiya Dirakta ya kira ni ofis, ya ba ni kujera da hannunsa, ya ce, "Ƙanena, Asabar zan ƙetara sayo maganin Inna. Ko za ka raka ni? Ka gane wa idonka mutanen da nake gani a can." Ya yi dariya, na yi dariya. Ya sani ne, ko zolaya ce kawai ta faɗo kan gyambo?

Amfirimanti kuwa tana nan a kunne. Jiya na miƙa hannu zan kashe ta, matata daga bakin ƙofa ta ce, "Bar ta, Mushe. Na fi son abin da ke cikinta ya riƙa fitowa a kan lokaci." Na janye hannuna, ni da ban taɓa sakar mata wannan gardama ba.

Asabar jibi ce. In na yi shiru alhali matata ta karanta, kowace safiya ƙarya nake ƙara mata. In na faɗa alhali ba ta gani ba, ni da bakina na gaya wa matata cewa na so a kama yayanta a kan maganin uwarta. Me zan yi?